Tsatsar Aro

Baƙo raɓa ne, haka muka taso muka ji,
amma wannan baƙuwar tabarma ta shimfiɗa.
Wasu sun ce a buhun dusa ta iso,
wasu sun ce a tayar tirelar da ta kwana a Pitowa.
Ni dai a gindin tsamiyar Jatau na fara ganin ta,
da ɗan farin furenta, kamar ba ta san komai ba.

Damina uku, ta haɗiye burtali.
Akuya ta shinshina ta kau da kai.
Saniyar da yunwa ta tilasta wa ci, nononta ya koma ɗaci,
har Jebbu ta tuntsurar da ƙwarya biyu a kasuwar Lahadi.
Na sare, ta tofo. Na ƙone, ta yi wa tokar godiya.
Hannuna ya yi ƙuraje har gwiwa.
Muka raɗa mata suna Gagara-fartanya.

Sai ga Malama Zinatu daga Garwa a bayan babur,
rungume da akwatin ƙanƙara kamar mai goyon ciki.
Ta buɗe. Ganye ne, duk ya yi tabo.
Na ja da baya.
Na san wannan tabon.
Shi ya cinye mini gyaɗa shekarar da aka haifi Talle,
muka yi suna da kunun kanwa, ba rago.
Yanzu a ce in ɗauko shi da hannuna in kai gona?
Wanda maciji ya sara ba ya wasa da tsumma.

Ta ce, Baba, ba waccan ba ce, suna ne ya zo ɗaya.
An kulle wannan a ɗaki, an ajiye mata dawa,
an ajiye wake, auduga, kuɓewa, har gyaɗarka,
ta gwammace ta mutu da yunwa.
Tuwonta ɗaya ne a duniya.
Garinsu ɗaya da ciyawar nan.
Can a gida ba ta isa ta ɗaga kai ba,
gudowa ta yi ta bar mai bin ta bashi.
Mu kwatance kawai muka yi masa.

Da almuru muka dama garin a ruwa,
muka yayyafa a bayan ganye,
muka lulluɓe da leda don danshi ya kwana.
Ta ce, sai da raɓa take kamawa.
Na yi dariya ni kaɗai:
ashe raɓar ce za ta raka baƙuwa.

Kwana tara, shiru.
Jatau ya ce na zama makiyayin cuta,
ya tambaye ni ko tana ba da nono.
Ran na sha biyu na juya wani ganye,
na murza, babban yatsana ya fito ja
kamar na taɓa garin barkono.
Iskar Binuwai ta ɗauki sauran aikin,
ba lada, ba goro.

Ba zan ce ta mutu ba, ƙarya fure take.
Tana nan, ta rame, ta rage tsawo,
furenta na zubewa kafin ya yi ƙwaya.
Jiya na ga harkiya ta leƙo a tsakaninta,
akuyar Jatau ce ma ta riga ni gani.

Har yau kullum asuba sai na duƙa a kunyar gyaɗa,
in juya ganye ɗaya-ɗaya, gabana na faɗuwa.
Kore shar.
In tsallaka burtali in juya na Gagara-fartanya.
Ja wur.
Sai in tsaya a tsakiya, tafin hannu a buɗe,
shekara sittin ina roƙon tsari daga tsatsa,
yau harshena na koyon yadda ake ce mata
Allah ya ƙara yawa.